Abuja Ta San Makullin Rufe Makaranta, Ina Na Buɗewa?

Kafin asubahin Litinin, 17 ga Nuwamba 2025, 'yan bindiga suka faɗa makarantar sakandaren 'yan mata ta gwamnati da ke Maga, a ƙaramar hukumar Danko-Wasagu. Suka harbe mataimakin shugaban makarantar, suka tasa ɗalibai 25 a gaba suka nausa daji da su. Ɗaya ta kuɓuta, sauran 24 aka sako su bayan kwana takwas. A wurinmu mutanen ƙasar Zuru, Maga gida ce. Muna cin kasuwa tare, muna auratayya, kuma da wuya ka sami gidan da labarin bai hana shi barci ba.

Kwana huɗu bayan haka, ranar Juma'a 21 ga wata, aka kwashe ɗaruruwan yara a makarantar mishan ta Papiri da ke jihar Neja. A ranar nan Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da takarda guda, ta ce a rufe kwalejojinta fiye da 40. A cikinsu har da ta kimiyya da fasaha da ke nan Zuru, da ta Birnin Yauri, da ta 'yan mata ta Gwandu.

Ba mu ga laifin kowa ba don ya ce yara su koma gida a irin wannan mako. Wane uba ne zai so 'yarsa ta kwana a ɗakin da ba shi da tabbacin za ta wayi gari a cikinsa? Abin da ya tsaya mana a rai shi ne saurin. Ashe gwamnatin tarayya tana iya yanke shawara a kan makaranta cikin yini ɗaya, ta rubuta, ta sa hannu, ta aika, a aiwatar kafin faɗuwar rana. To, ina wannan hanzarin yake shiga idan maganar kai malami ƙauye ce, ko rufin ajin da iska ta yaye tun daminar bara, ko yaran da aka koro daga garuruwansu suna gararamba a Ribah da Zuru ba boko ba allo? Da zarar an zo nan sai a ce mana ilimin firamare aikin jiha ne da ƙananan hukumomi, Abuja taimako kawai take yi. Wannan amsar ce muka zo mu ƙi.

Mai kuɗi da bindiga ba ɗan taimako ba ne

Mu fara da abin da doka ta ce, don kada a ce muna ihu ne a banza. Gaskiya ne kundin tsarin mulkin 1999 ya raba aikin ilimi tsakanin tarayya da jihohi, ya kuma sa makarantun firamare cikin ayyukan da ƙananan hukumomi ke da hannu a ciki. Gaskiya ne kuma dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta faɗa tun daga sashenta na farko cewa shigar gwamnatin tarayya taimako ne ga jihohi da ƙananan hukumomi.

Amma wannan kundin dai shi ne ya ce a sashe na 14 tsaro da walwalar jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Shi ne ya ce a sashe na 18 gwamnati za ta tabbatar da daidaiton damar ilimi a kowane mataki. Shi ne kuma ya damƙa soja da 'yan sanda a hannun tarayya ita kaɗai. A wajen rabon arzikin ƙasa, tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin 100, jihohi 36 su raba kashi 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba kashi 20.60. Wato wanda ya fi kowa kaso shi ne ke kiran kansa ɗan taimako, wanda ya fi kowa ƙarancin kaso shi aka ɗora wa albashin malaman firamare. A wane gida ake yin haka? Maigida ya riƙe makullin rumbu da kwari da baka, sannan ya ce ciyar da yara da tsaronsu aikin ƙaramin ƙanensa ne?

A ƙasar Zuru yau, makaranta ba ta buɗuwa sai da tsaro. A watan Maris na 2022 an kashe 'yan sa-kai fiye da 60 a wani kwanton ɓauna a yankin Sakaba, kwanaki kaɗan bayan nan aka kai hari a Kanya inda aka kashe sojojin da ke tare da ayarin mataimakin gwamna na lokacin, Sama'ila Yombe Dabai. Idan ayarin mataimakin gwamna bai tsira ba, malamin da ke hawa babur shi kaɗai zuwa makarantar ƙauye fa? Shugaban ƙaramar hukuma ba shi da ikon tura ko kurtun ɗan sanda ɗaya. Gwamna ma roƙo yake yi. Bayan harin Maga, Gwamna Nasir Idris da bakinsa ya faɗa a bainar jama'a cewa an sami bayanan sirri tun kafin harin, an kai sojoji, suka janye da misalin ƙarfe 3 na dare, kafin ƙarfe 4 maharan sun iso. Ya tambaya wa ya ba da umarnin janyewar. Iyayen Maga sun cancanci a zo har garinsu a ba su amsar wannan tambaya ido da ido, kuma babu mai iya ba su ita sai Abuja.

Kada kuma a ce abin ya zo ba zato. An sace 'yan matan Chibok 276 a watan Afrilu na 2014, aka ƙaddamar da shirin kare makarantu a shekarar. A 2015 Najeriya ta shiga yarjejeniyar duniya ta kare makarantu. A ƙarshen 2022 aka fitar da tsarin kashe naira biliyan 144.8 a kan tsaron makarantu daga 2023 zuwa 2026. Tsakanin waɗannan takardu, ranar 17 ga Yuni 2021, aka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri da rana tsaka aka kwashe ɗalibai da malamai. Wannan makarantar tarayya ce, babu gwamnan da za a laɓe a bayansa. Amma 'yan mata 11 suka ci gaba da zama a hannun 'yan bindiga har 2023, sai da iyayensu suka bi jama'a suna neman gudummawa, wasu daga cikin yaran suka dawo da goyo. Uwar da ta ga wannan, da wace fuska za ka je ka ce mata ta kai 'yarta makarantar kwana?

Tsani mai matakan sama kawai

Za a ce mana, ai tarayya ba ta manta da Zuru ba. Ga Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa a 2020, ga kwalejin kimiyya da fasaha, ga asusun TETFund da ke gina ɗakunan karatu a manyan makarantu, ga rancen ɗalibai na NELFUND da aka sa wa dokarsa hannu a 2024. Mun gani, mun kuma gode, domin jami'ar nan an daɗe ana nemanta.

Sai dai mu tambayi kanmu, ɗan wa zai shige ta? Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2021 ya nuna kusan yara biyu cikin uku da suka isa shiga firamare a jihar Kebbi ba sa zuwa makaranta, adadin da ya fi na kowace jiha a ƙasar nan. Yaron da bai shiga aji ɗaya ba, me rancen jami'a zai yi masa? Kowane abu da tarayya ta taɓa da hannunta kai tsaye yana can saman tsani ne: jami'a, kwalejin ilimi, kwalejin haɗin kan ƙasa. Matakan ƙasa, inda ɗan manomi zai fara sa ƙafa, su ne aka bar wa wanda ba shi da kuɗin katako. Wanda ubansa ke da halin kai shi makarantar kuɗi a Birnin Kebbi ko Kaduna ko Abuja, shi ne zai tsallako ya tarar da jami'ar da rancen da gurbin aikin. Ɗan Bena da Wasagu da Dirin Daji zai ga ginin daga bakin titi, watakila ya sami aikin gadi.

Maganin da tarayya ta daɗe tana tinƙaho da shi wajen daidaita dama shi ne rabon gurabe da sassauta maki. A 2013, makin shiga kwalejojin haɗin kan ƙasa ga yaron Anambra 139 ne, ga yaro namiji daga Kebbi 9, ga mace 20. Mutanen kudu suka yi ta tsiya, suna cewa ana fifita mu. Mu kuwa kunya ce ta kama mu, don wannan maki 9 shaida ce da gwamnati ta rubuta da hannunta cewa ta san makarantun firamarenmu ba sa koyar da komai, kuma ta zaɓi ta rage tsayin ƙofa maimakon ta gyara hanyar da ke kaiwa ga ƙofar. Sannan wa ke cin gajiyar sassaucin? Sai yaron da ubansa ya san akwai jarrabawar, ya sayi fom, ya kai shi cibiyar rubutawa, yana kuma da kuɗin kayan makarantar kwana. Talakan da aka yi sassaucin da sunansa bai ma ji labari ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kawo naka kafin in ba ka nawa

Yanzu mu zo ga taimakon da ake magana. Dokar 2004 ta ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar tarayya ga hukumar UBEC. A tsarin rabon da aka daɗe ana bi, rabin wannan kuɗi ana raba shi ne daidai wa daida tsakanin jihohi 36 da Abuja, da sharaɗin kowace jiha ta ajiye kwatankwacin abin da za ta karɓa kafin a sakar mata.

Akwai zalunci iri biyu a nan. Na farko, daidai wa daida tsakanin marasa daidaito. Jihar da kusan duk yaranta ke aji, da jihar da biyu cikin uku ke waje, kason su ɗaya. Likitan da ya raba magani daidai tsakanin mai mura da wanda maciji ya sara, ba adalci ya yi ba. Na biyu, sharaɗin kawo naka. Jihar da ta fi talauci, ko wadda gwamnanta bai damu ba, ita ce za ta kasa ajiye nata, sai kuɗin su zauna a asusu suna jira. A ƙarshen 2024 shugaban UBEC na lokacin, Dakta Hamid Bobboyi, ya shaida wa 'yan majalisa cewa fiye da naira biliyan 130 na shekarun 2020 zuwa 2023 suna nan jihohi ba su ɗauka ba. Gwamna ya yi sakaci, amma wanda aka hukunta shi ne yaron da ke zaune a ƙasa yana rubutu a kan cinyarsa.

Ko an ɗauko kuɗin ma, galibinsu gini da kujeru suke tafiya, don nan ne ake ba da kwangila. Duk mun san irin makarantar da muke nufi: sabon fenti, allon sanarwa mai ɗauke da sunan aiki da shekara, azuzuwa shida, malami ɗaya ko biyu. Gini ba ya koyar da baƙi da wasali. A ranar malamai ta duniya, 5 ga Oktoba 2020, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin albashi na musamman ga malamai da alawus ga masu koyarwa a karkara. Ƙarin shekarun ritaya ya zama doka a 2022. Alawus ɗin karkara kuwa, a je a tambayi malamin da ke koyarwa a ƙauyukan Fakai ko ya taɓa ganinsa.

Dokar nan ta 2004 ta tanadi hukunci ga uban da bai kai ɗansa makaranta ba: karon farko gargaɗi, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, na uku tarar naira 5,000 ko wata biyu. Gwamnatin da ta kasa samar da malamin da za a kai yaron wurinsa, ba a yanka mata ko sisi ba. Sashe na 18 kansa yana cikin babin da sashe na 6 ya hana kotu tilasta aiwatar da shi, kuma an liƙa masa sharaɗin sai lokacin da hali ya yi. Shekara 26 ke nan tun da Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato a watan Satumba na 1999, kusan shekara 50 tun shirin firamare kyauta na 1976. Yaushe halin zai yi? Kotun ECOWAS ta yanke a 2010, a ƙarar da ƙungiyar SERAP ta shigar, cewa ilimi haƙƙi ne na kowane ɗan Najeriya. Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke a 2017 cewa ilimin firamare da ƙaramar sakandare kyauta haƙƙi ne da ake iya nema a kotu. Hukunci na nan a rubuce. Kason ilimi a kasafin tarayya kuwa tun daga 2016 bai kai kashi 10 cikin 100 ba, alhali ma'aunin da ƙasashen duniya suka amince da shi a 2015 shi ne kashi 15 zuwa 20.

Su wa aka bari a baya

Idan ana cewa marasa galihu, a Abuja kalma ce ta cikin takardar taro. A nan muna iya nuna su da yatsa.

Akwai yarinyar da aka rufe makarantarsu na wucin gadi, kafin a buɗe an sa mata rana. Rufe makaranta ga ɗa namiji hutu ne, ga 'ya mace sau da yawa sallama ce.

Akwai yaron da aka tashi ƙauyensu, yana kwana a zauren dangi a cikin gari. Sunansa na cikin rajistar makarantar da yanzu ciyawa ta cinye, makarantar garin da ya zo kuwa aji ya cika ya batse.

Akwai ɗan makiyayi. An kafa hukumar ilimin makiyaya tun 1989. Da an riƙe wannan aiki da gaske, a ruga bayan ruga, shekara 36, wa ya san yawan samarin da yau da alli za su riƙe maimakon bindiga? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da aka ƙi kashewa a kan allo da littafi, ga shi ana kashe ninkinsa a kan harsashi da kuɗin fansa. Ba muna wanke ɗan ta'adda ba ne, mu da muka binne 'yan'uwanmu. Muna faɗin inda bango ya tsage ne har ƙadangare ya sami wurin shiga.

Akwai almajiri. Gwamnatin Jonathan ta gina makarantun tsangaya na zamani fiye da 150, aka buɗe ta farko a Gagi ta Sakkwato a 2012, aka miƙa wa jihohi, da yawa suka lalace. A 2023 aka sake kafa sabuwar hukuma. Kowace matsala tamu tana da hukuma mai ofis da motoci a Abuja ko Kaduna, yaron dai yana nan da ƙoƙonsa.

Akwai kurma da makaho da gurgu. An sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a watan Janairu na 2019. A tsarin rabon kuɗin UBEC, kason masu buƙata ta musamman kashi 2 ne cikin 100 na wancan kashi 2. Mai karatu ya lissafa da kansa.

Akwai kuma yaron da ya tashi da C'lela ko Kambarci ko Fulatanci a bakinsa, Hausa ta zame masa harshe na biyu, ya shiga aji aka tare shi da Turanci. A 2022 tarayya ta amince a koyar da yara da harshen gida a shekarun firamare. A Nuwamba 2025, kwanaki kaɗan kafin harin Maga, Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke tsarin, wai yana jawo faɗuwa jarrabawa. Muna tambaya: a cikin shekara ukun nan, littafin lissafi nawa aka buga da C'lela? Malami nawa aka horar? Ba a shuka ba, an zo ana zagin gona.

Laifin gwamna, laifin iyaye

Mun san abin da za a mayar mana. Za a ce gwamnoni ne ɓarayi, in an ƙara musu kuɗi ƙara ci za su yi. Ba mu zo kare kowane gwamna ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gwamnan Kebbi na yanzu tsohon malami ne, tsohon shugaban ƙungiyar malamai ta ƙasa, saboda haka shi ne mutum na ƙarshe da za mu karɓi uzuri daga gare shi a kan rashin malamai a karkara. Amma idan ka san mai riƙon amanar maraya yana cin dukiyarsa, maganin shi ne ka sa ido, ka nemi lissafi, ka bi ta wata hanyar ka ciyar da marayan. Ba ka hana shi abinci ka ce kana hukunta mai riƙo ba. Tarayya ce ke da EFCC da ICPC. Ita ce ta kai gwamnoni Kotun Ƙoli har aka yanke, ranar 11 ga Yuli 2024, cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ashe idan ta so, tana iya taka wa gwamnoni birki.

Za a ce kuma iyaye ne ba sa son boko. A faɗa wa wani wannan, ban da mutumin Zuru. Ƙasar nan, Musulminta da Kiristanta da mai bin al'adar kaka da kakanni, ta rungumi makaranta tun zamanin mishan da En'e. Mutanen da suka gaji golmo, inda saurayi ke shafe shekaru yana noma wa surukai kafin a ba shi mata, ba sa buƙatar a koya musu haƙurin jiran amfanin wahala. Manomi lissafi yake yi. Idan ya tura yaro ya yi tafiyar awa guda, ya tarar babu malami, ya dawo bayan shekara shida bai iya karanta wasiƙa ba, ga fargabar a sace shi a hanya, to gona ta fi masa. Gyara makarantar ka gani ko zai hana ɗansa. Muna da namu laifin, ba mu musu: talla, aurar da yara da wuri, da shirun da muke yi idan ɗan garinmu ne ya karɓi kwangilar aji ya gudu. Wannan namu ne mu gyara. Amma ba zai zama mayafin da Abuja za ta rufa da shi ba.

Masu cewa tsarin tarayya ya hana, su duba inda muka kwaikwayo tsarin. A Amurka makarantu na jihohi ne da gundumomi, fiye ma da namu. Amma a 1957, da gwamnan Arkansas ya hana yara baƙar fata tara shiga makarantar sakandare a Little Rock, Shugaba Eisenhower sojojin tarayya ya tura suka raka su har cikin aji, aka kuma bar masu gadi har ƙarshen shekarar karatu. Yara tara. A 1965 suka yi dokar da ke aika kuɗin tarayya zuwa makarantu gwargwadon yawan 'ya'yan talakawan da ke cikinsu. Birazil ma tarayya ce mai arewa matalauciya kamar tamu. Tun 1996 ta kafa asusun da ke ƙayyade mafi ƙarancin abin da za a kashe wa kowane ɗalibi a shekara, jihar da ta gaza kaiwa, tarayya ta cika mata. A 2020 suka mayar da tsarin na dindindin a kundin mulkinsu, suka ƙara kason tarayya daga kashi 10 zuwa 23 a hankali. Kuɗin na bin yaro ne, kuma wanda ya fi rauni shi ke samun ƙari.

Abin da muke nema

Muna neman a gyara dokar 2004. A ɗaga kason nan na kashi 2, a raba shi bisa yawan yaran da ke waje da talaucin wuri, a daina daidai wa daida. Jihar da ta ƙi ajiye nata, a cire daga kasonta na wata tun daga tushe, a yi aikin. A buga sunan kowace makaranta da abin da aka ware mata, a manna a ƙofar makarantar da fadar hakimi, da Hausa, don mai unguwa da iyaye su san abin da za su tambaya.

Muna neman tarayya ta ɗauki nauyin malaman karkara a yankunan da rikici ya ɗaiɗaita. Tana da shirin malaman tarayya tun 2006, a faɗaɗa shi, a ɗauki 'ya'yan yankin masu takardar NCE da ke zaune ba aiki, waɗanda suka san harshen yaran, a biya su alawus ɗin da aka yi alkawari.

Muna neman kowace makarantar kwana a Danko-Wasagu da Sakaba da Fakai da Zuru ta san sunan jami'in da tsaronta ke wuyansa, kuma duk ranar da aka janye masu gadi a san wanda zai amsa tambaya. Idan dole ta sa a rufe makaranta, takardar rufewa ta zo da ranar buɗewa da wurin da yaran za su ci gaba da karatu kafin nan. Yaran da aka koro daga ƙauyuka a bi su da aji duk inda suka sauka.

Muna neman a fitar da ilimin shekara tara na farko daga babin sai hali ya yi, a mayar da shi cikin haƙƙoƙin da talaka zai iya kai gwamnati ƙara a kansu. Indiya ta yi haka a 2002, ba ta rushe ba.

Tun zamanin Turawa, duk lokacin da ƙasar nan ke neman soja, ta san hanyar Zuru. Ba a taɓa cewa mun yi nisa ba, ba a taɓa cewa ɗaukar kurata aikin ƙaramar hukuma ba ne. Mun ba da janar-janar, har da babban hafsan sojan ƙasa, Ishaya Bamaiyi, da marigayi Sarkin Zuru Muhammadu Sani Sami Gomo na Biyu. Mun ba da dubban da babu wanda ya san sunansu sai matan da suka bari. Hanyar da motar ɗaukar soja ta bi ta zo, ita ce motar littafi da malami za ta bi.

Saura mu. Zaɓen 2027 na tafe, masu neman kujerar sanata da ta wakilai za su zo da shinkafa da atamfa, za su cika filin Uhola da jiniya. Su ne masu ikon gyara dokar nan, ba kowa ba. Duk wanda ya tsaya a gabanmu, kafin ya fara jawabi, mu tambaye shi: makarantun firamare nawa ne a rufe a mazaɓarka yau, yara nawa ne a cikinsu da, kuma ina suke yanzu? In ya kasa amsawa, ya koma ya ƙirgo. Muna nan muna jira, mu da yaran.